Yanda za ka yi addu'a da tsohon da baya iya zuwa majami'a

Da farko ka zaɓi lokacin da jikinsa ke da ɗan ƙarfi, yawanci da safe bayan ya sha koko da maganinsa. Kar ka tilasta masa durƙuso, gwiwa ta riga ta gaji, a kwance ma Allah na ji.

Ka zauna kusa ka gaishe shi tukuna, "Baba ya jiki, an samu barci kuwa?" sannan ka bari ya yi magana, ko da labarin da ka ji sau da yawa ne ko kukan cewa yara basa kiran waya, ka saurara kawai don abin da za ku yi addu'a a kai yana cikin maganar nan.

Sai ka buɗe Littafi Mai Tsarki, Zabura 71, wajen aya 9 da 18, inda mai zabura ke roƙon Allah kar ya yashe shi da tsufa. Ka ƙara da Ishaya 46:4, can Ubangiji ya ce har furfura shi zai ɗauke mu. Karanta a hankali da ƙarfi, kunne ya yi nauyi. Aya biyu uku sun isa, ba wa'azi ka zo yi ba.

Ku rera waƙar da ya sani tun yana saurayi, sannan ka yi gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu, shi ma ka ce ya sa maka albarka.

In ciwon ya yi tsanani ka gaya wa fasto da dattawan ikilisiya su zo su yi masa addu'a, haka Yakubu 5:14 ya ce, kuma su kawo masa Jibin Ubangiji har gida.