Sitiyari na rawa in ka taka birki: kurakuran da ke sa rawar ta dawo

Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo da mota cike da kaya ya san wannan tashin hankalin: ka taka birki da ƙarfi, sitiyari ya kama rawa a hannunka kamar zai ƙwace. Motocin da ke zuwa mana gareji a Farin Gada, cikin Jos, da wannan ƙorafi, da yawansu an riga an kashe musu kuɗi sau biyu ko uku, rawar kuma tana nan. Abin yana damuna, domin gyaran ba shi da wuya. Matsalar ita ce ana sayen kaya tun ba a gano ciwon ba.

Kuskuren farko, mai mota bai lura da lokacin da rawar ke zuwa ba. In tana zuwa ne kana gudun kilomita 90 zuwa 110 ba ka ko taɓa birki ba, to maganar balansin taya ce ko rim da rami ya lanƙwasa. In sai ka taka birki sitiyari ke rawa, a duba faifan birki na gaba. In kuwa a kujera da jikin mota kake jin ta, a fara da baya.

Akwai kuma rawar da ba ciwo ba ce. Ka take birki ba shiri a jiƙaƙƙiyar kwalta ko kan tsakuwa, feda ta riƙa bubbuga tafin ƙafarka da ƙara, wannan ABS ne yake hana taya kullewa. Kada ka ɗaga ƙafa, ka ci gaba da dannawa. Na ga waɗanda suka sa aka cire musu shi saboda wannan, kuma a daminar Jos hakan ganganci ne.

Inda aka fi yin asara shi ne a faifan birki, wanda muke cewa dis. Sai a canza fad kawai, wato abin da ke gugar faifan in ka taka birki, a sallami mutum. Sabon fad a kan faifan da ya lalace ba ya gyara komai. Mutane kan ce faifan ya lanƙwashe, amma galibi kaurinsa ne ya bambanta, wani gefe ya fi wani. Bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ka ji shi a sitiyari, shi ya sa ido ba ya gani, sai an sa ma'auni.

To me ya ɓata faifan tun farko? Wannan tambayar ce ba a yi. Sau tari tsatsa ce a fuskar hob inda faifan ke zama. Aka ɗora sabon faifai ba a goge ta da burushin waya ba, zai zauna a karkace, bayan 'yan watanni rawar ta dawo, a ce kayan jabu ne. Sai ɗaurin notin taya. Mai faci ya sa bututu a sifana ya hau kai da ƙafa, wani noti ya ɗaure tamau, wani sako-sako. Corolla da Camry ƙarfin ɗaurinsu Nm 103 ne, kuma ana ɗaurewa ne a tsallake, wannan noti sannan na daura da shi ta ɗaya ɓangaren, ba bi da bi ba. Haka kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai: in fil ɗinta ya ƙage, fad zai riƙa gugar faifai ko ba ka taka ba. Alamarsa, bayan tafiya rim ɗaya ya fi sauran zafi. A wanke fil ɗin a shafa masa girisin birki, ba baƙin giris ba, domin baƙin giris kumbura roba yake yi.

Fere faifai a inji ba laifi ba ne, amma da iyaka. Kowane faifai an buga masa lamba a jiki kusa da rubutun MIN TH, wato ƙarshen sirancin da zai iya aiki da shi. Ya kai nan, sai canji. Siririn faifai ba ya ɗaukar zafi. In na hannu za ka saya a kasuwar Dilimi, ka je da makanikenka ya auna, kuma dama da hagu tare ake canzawa.

Kada a manta da ƙafar mota. A ɗaga ta da jak, a girgiza tayar hagu da dama, sannan sama da ƙasa. In akwai wasa, tayarod ne ko boljoyin ko boris, kuma su ma suna ƙara rawar birki, haka bushin da ya fashe.

Saura laifinmu direbobi. Sakin mota firi a gangara don tattalin mai yana ɗora wa birki dukan nauyin motar. Ka sa giya biyu ko uku, in otomatik ce ka sauko da ita 2 ko L, inji ya riƙe maka. In ka iso ƙasa faifai na huci, kada ka tsaya ka danne birki na tsawon lokaci, domin fad zai bar shatinsa a wuri guda, daga nan bambancin kauri ke farawa. Kada kuma ka wuce wurin wanki a watsa masa ruwan sanyi nan take.

Bayan an sa sabon fad da faifai, ka nemi hanyar da ba cunkoso, ka kai gudun 60 ka sauko zuwa 10 da matsakaicin taku, kamar sau takwas, ba tare da ka tsaya cak ba. Sannan ka yi tafiyar 'yan mintoci ba birki, faifan ya huce kafin ka ajiye motar.