Kurakuran da masu PlayStation, Xbox da Switch suka fi yi

Sau da yawa idan mutum ya ce na'urar wasansa ta samu matsala, in aka bi diddigi sai a tarar lafiyarta ƙalau. Ko dai ya sayi abin da bai dace da ita ba, ko kuma akwai saitin da bai taɓa leƙawa ba.

A wajen talabijin aka fi yin asara ba a sani ba. PlayStation 5 (PS5) da Xbox Series X, da suka fito a Nuwamba 2020, suna iya nuna 4K da hoto 120 a daƙiƙa, amma sai an jona su a ramin HDMI 2.1 da waya irin wadda ta zo a kwali. Ni kaina na yi makonni ina mitar cewa ban ga wani bambanci ba. Ashe a ramin da hannuna ya fara kaiwa na soka wayar, alhali cikin ramuka huɗu biyu ne kawai ke ɗaukar 120, an ma rubuta a gefensu da ƙananan haruffa. Bayan haka a shiga saitin talabijin a kunna yanayin wasa. In ba a kunna ba, talabijin na tsayawa gyaran hoto kafin ta nuna shi, sai ka danna maɓallin buga ƙwallo amma ɗan wasanka ya makara.

Sai ma'ajiya. PS5 ta farko 825GB aka rubuta mata, amma wajen 667GB ne ke rage wa mai ita, ga wasannin yanzu wasu sun haura 100GB. Da ta cika sai a ruga a sayo ma'ajiyar USB, daga baya a gane wasan PS5 ajiye shi kawai ake yi a ciki, ba ya tashi daga can. Na PS4 ne ke tashi. Abin da ake buƙata shi ne ma'ajiyar da ake sakawa a cikin PS5 ɗin, wato M.2 SSD na PCIe Gen4 mai ƙarfen rage zafi, Sony kuma ta ba da shawarar gudun 5,500MB a daƙiƙa. Xbox Series nata katin daban ne, ana soka shi ta baya. Switch 2, wadda ta fito a Yuni 2025, katin microSD Express take so, tsohon katin Switch ba zai riƙe mata wasa ba. Haka wanda ya tara faifai ya sayi Xbox Series S, ya sani ba ta da wurin sa faifai sam.

Hedifon ma akwai tarko. PS5 da Xbox ba sa haɗuwa kai tsaye da hedifon Bluetooth na wayar hannu. A sa mai waya a ramin da ke jikin hannun wasa, ko a nemi wanda aka ƙera domin na'urar.

Idan sandar hannun wasa ta fara tafiya da kanta, ɗan wasa na zamewa gefe ba a taɓa shi ba, kar a ɗiga mata mai, kar a yi ta murza ta da ƙarfi. Ƙura ce ko zaizayewar ciki. A goge gindinta da tsinken auduga da ɗan sinadarin goge kayan lantarki, in ta ƙi a duba garanti kafin a kwance ta.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sayen wasa saboda maki. Mutum ya ga masu sharhi sun ba wasa 9 cikin 10, bai duba a kan wace na'ura aka gwada ba. Wasan Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020, sharhin farko duk a kan na kwamfuta aka yi shi. A PS4 kuwa ya yi ta sarƙewa har Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yuni 2021. A nemi bidiyon wasan a kan irin na'urar da ake da ita, a kuma duba ranar da aka rubuta sharhin, don gyaran da ake turowa daga baya yakan sauya wasa ƙwarai.

Wajen buɗe asusun PlayStation kuma a natsu a zaɓi ƙasa, don ba a canza ta daga baya. Faifan kowane yanki zai yi aiki, amma ƙarin kayan wasan da ake saya ta intanet sai ya dace da yankin faifan, katin kuɗin shagon ma sai na ƙasar asusun.