Darasi na 6: Haska Tsakar Gida da Sola

A gidajenmu na Katsina wuri uku duhu ya fi cutarwa: ƙofar zaure, hanyar makewayi da turken dabbobi. Da bazara kunama na yawo, tsofaffi kuma ba sa ganin gabansu sosai da dare. Ƙwan LED uku sun isa su haska wuraren nan har asuba, ba fetur, ba ƙarar janareta.

Abin da za ka saya shi ne faifan sola, batir, kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir), waya da ƙwayayen. Kada mai shago ya zaɓa maka, yi lissafinka tun daga gida. Ƙwai mai wat 5 idan ya kwana awa 10 a kunne ya ci wat-awa 50, wato wat 5 sau awa 10. Uku sun ci 150. Faifai mai wat 50, idan ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi, yana tara kusan 250. Ka ga akwai rara saboda ranar hadari.

Batir ne wurin da mutane suka fi yin asara, don haka a nan za mu daɗe. Batir mai ruwa ba ya son a zuƙe fiye da rabin cajinsa. Mai bolt 12 da amfiya-awa 26 yana riƙe wat-awa 312, wato 12 sau 26, rabinsa 156 ke nan, ya isa buƙatarka ta 150. Wanda ya gaza haka zai mutu da wuri. Zafi ma yana kashe shi, ga shi kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40. Ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, inda yara ba sa kaiwa. Fara haɗa batir da kwantirola kafin ka jona faifai, jar waya a kan alamar tarawa. Kada kuɗin kwantirola ya sa ka tsallake ta, ita ke hana caji ya wuce kima.

Faifan ya fuskanci kudu, a ɗan jingine, nesa da inuwar bedi. Da hunturu ƙura kan rufe shi, sai a goge da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, kafin ya ɗau zafi.

Aikin gida: ƙirga wuraren da ke buƙatar haske a gidanku, ka lissafa abin da ƙwayayen za su ci a dare ɗaya, ka zo da shi aji.