Yadda za ki riƙe karatun yarinya ɗaya a unguwarku har ta gama sakandare

Da azumi ya kama, garin Katsina cika yake yi da masu rabon alheri: gero, sukari, shinkafa, atamfa, daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Guga. Allah ya saka musu. Amma ni da na ƙare aikina a aji ina koyar da 'yan mata, akwai alherin da na fi so in ga an yawaita, shi ne mace mai ɗan hali ta zaɓi yarinya ɗaya ta ce, wannan in Allah ya yarda sai na ga takardarta ta gama sakandare. Aikin shekara uku ne zuwa shida. Ba sai kin kafa ƙungiya ko kin kama ofis ba. Ki dai san wanda za ki fara yi wa magana da inda kuɗin zai shiga, sannan ki daure.

Fara da zaɓen yarinyar. Tsakanin aji shida na firamare da aji uku na ƙaramar sakandare 'yan mata suka fi zubewa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma dokar ba ta ɗinka wa kowa yunifom ba. Kada ki tafi neman wadda take ɗaukar na ɗaya. Ita kowa ya san da ita, kuma galibi ana samun mai tsaya mata. Ki je wurin malamar aji ki ce ta buɗe maki rajista, ku duba sunan da ake kira yau a amsa, gobe da jibi shiru. A nan za ki ga marainiya, ki ga ɗiyar bazawara, ki ga yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Batsari, Jibiya ko Safana suna raɓe a kangon wani a bayan gari. Kuma ta kasance kusa da ke, inda za ki iya takawa da ƙafa. Yarinyar da sai kin hau mota kafin ki gan ta, kafin zango biyu ya wuce kin daina ganinta.

Kada ki sayi ko fensir sai kin shiga gidan. Uwa za ki fara gani, a ɗakinta, ba ranar biki ko suna ba. In ta amince, sai maganar uba, ko baffa in uban ya rasu. Nan gara namiji ya je, maigidanki ko yayanki, in da hali a yi masu rakiya da limamin unguwa ko mai unguwa. Kada a je masa da wa'azin amfanin ilimin 'ya mace. Ya ji shi a rediyo har ya gaji. A ce masa, "Malam, ɗiyarka ce, ikonka ce. Hajiya ce ta ga hankalinta take so ta kama maka hidimar makarantarta, in ka ba da izini." Magidancin da aka girmama haka, da wuya ya ce a'a. Wanda kuwa aka tsallake shi, duk ranar da ya ga dama zai ce ta zauna gida, kuma babu mai ja da shi.

Yanzu ga inda masu niyyar kirki da yawa ke tuntuɓe, wato talla. Ana ɗauka kayan makaranta ne ke hana yarinya zuwa, alhali a gidaje da yawa farantin da take ɗauka ne. Kuɗin tallan nan aiki biyu yake yi. Shi ne kuɗin cefane in maigida ya fita bai bar komai ba, kuma shi ne zubin adashin da uwa ke tara wa yarinyar kayan ɗaki. In kika sauke farantin ba ki aje wani abu a gurbinsa ba, uwar za ta yi maki godiya da zuciya ɗaya, sannan bayan sati uku ki gamu da yarinyar a tasha da awara a kai. Ba yaudararki aka yi ba, tukunya ce ta tsaya.

Don haka ku zauna ku yi lissafi ke da uwar. Nawa farantin ke kawowa a rana in an cire uwar kuɗi? Sau da yawa ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Wannan adadin shi za ku nemo wa wata hanya. Mafi dacewa ita ce sana'ar da mai saye zai aiko har gida: injin markaɗe, gawayi ko itace, kayan miya, man gyaɗa da ƙuli. In ta ƙware a abin da take yi, ki nemo mata mai shago ko mai shayi da zai riƙa ɗauka a sari, ko da ribar ta ɗan ragu. In gidan da fili, kiwo ya fi komai rufin asiri. Akuya cikinta wata biyar ne, kuma jar akuyar nan tamu ta saba haifar tagwaye. Ko ɗan rago da za a saya bayan kaka, lokacin da harawa ke da araha, a sayar gab da layya. In za ki saya a Mai'aduwa ko Charanchi, ki tura wanda ya iya duba haƙori, kuma a nemi malamin dabbobi ya yi masu rigakafi kafin a haɗa su da na gida. Ni dai na fi son a ba da jarin a kaya maimakon tsabar kuɗi. Ba don uwar ba ta da amana ba, sai don kuɗi a hannun mai buƙata ba ya kwana: yaro zai yi zazzaɓi, ko a aiko da goron biki.

Maganar kayan ɗaki kuma kada ki raina ta. Mu da muka yi boko mukan yi mata kallon almubazzaranci, amma a wurin uwar mutuncinta ne ranar da dangin miji za su shigo ganin ɗaki. In kina da iko, ki shiga adashin unguwa da hannu ɗaya da sunan yarinyar, ki gaya wa uwar cewa kwasar tata ce ranar da ta gama makaranta.

Kayan makaranta ba su da wuyar lissafi: yunifom biyu don a wanke ɗaya a sa ɗaya, hijabi, takalmi, jaka, littattafan rubutu, kuɗin tara, da kuɗin Napep in makarantar da nisa. Duk abin da za a biya a makaranta ki biya da hannunki, ki karɓi rasit. Sai abu guda da ba za a taɓa roƙonki ba saboda kunya, audugar mata. Na sha ganin yarinya mai ƙwazo tana ɓacewa kwana huɗu ko biyar duk wata, a yi ta yi mata faɗan lalaci, alhali tsumman da take ƙunzugu da shi ne ba ta yarda da shi ba, ga makaranta ba ruwa, ga ban ɗaki ba ƙyaure. Ki sa audugar da sabulu da ɗan kamfai cikin kayan wata, ki miƙa wa uwar a leda, ba sai an yi magana ba.

Takardu kuwa tun tana aji ɗaya za ki bi su. A karɓo mata shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a yi mata rajistar lambar NIN, domin tun 2021 ba a cike JAMB sai da ita. Abin da za ki tsaya a kai tsayin daka shi ne suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina. Mu nan yarinya ɗaya za ki ji ta Hauwa'u a gida, Hauwa a rajistar makaranta, Kulu a bakin kakarta. Sunan uba yau Abubakar, gobe Garba, jibi a sa sunan garinsu. Ku zaɓi rubutu ɗaya, harafi da harafi, ki rubuta shi a bangon littafinki, a bi shi a NIN, a WAEC, a NECO, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Gyaran suna bayan an fito da sakamako yana cin kuɗi da watanni, har yakan sa a rasa gurbin karatu. Game da kuɗin jarrabawar fita, gwamnatin jiha kan biya wa ɗaliban makarantunta da suka ci jarrabawar share fage, amma ki tambayi shugabar makarantar tun yarinyar na aji biyu na babbar sakandare, kuma ki ɗan aje wani abu a gefe ko da za a buƙata.

To kuɗin fa, daga ina? In ba za ki iya ke kaɗai ba, ku haɗu ku huɗu ko biyar, 'yan gida ɗaya ko 'yan ajin Islamiyya, kowa ta yanka wa kanta abin da ba zai gagare ta ba ko a watan da albashi ya makara. Hadisin Nana A'isha ne a Buhari da Muslim cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, kuma a wannan harka gaskiyarsa a fili take: babban kuɗi sau ɗaya ba ya kai yarinya aji na gaba. Ɗaya ta riƙe kuɗi, wata daban ta riƙe littafi, a rubuta shiga da fita, a karanta wa kowa ƙarshen zango. Ko 'yan uwa ciki ɗaya ne ku, ku rubuta.

Zakka ma tana shiga, amma da ƙa'idarta. Kashi takwas ne masu cin ta kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta jero, kuma faƙirai da miskinai ne a farko. Ta kuɗi ɗaya cikin arba'in ce in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ta amfanin gona ɗaya cikin goma in na damina ne, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma. Sai dai zakka haƙƙin mabuƙaci ce, mallaka masa ake yi. Ba za ki ba shi ba sannan ki gindaya masa sharaɗin sai yarinya ta je makaranta, kuma ba a bai wa wanda ciyar da shi ya wajaba a kanki. Shi ya sa na fi son a miƙa wa uwa zakkar ta ja jari da ita, hidimar makaranta kuma a yi ta da sadaka. Ki tambayi malaminku kafin ki fitar.

Wadda ba ta da kuɗi tana da rabo a aikin nan, wataƙila ma mafi tsoka. Awa ɗaya sau biyu a sati, ranar Alhamis da Juma'a da yamma tunda ba Islamiyya, ki zaunar da yarinyar ki sa ta karanta maki da ƙarfi. Za ki iya tarar da 'yar aji biyu na sakandare ba ta iya haɗa baƙi ba, tana kwafar allo ne kawai. Kada ki nuna mamaki a fuskarki. Ku koma Hausa, ta iya karanta harshenta tukuna, Turanci zai zo da sauƙi. Ba baƙon abu ba ne wannan a ƙasar nan. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, malamai mata da ake kira jaji take turawa ƙauyuka suna koyar da mata a gidajensu. Ki kuma nemi shiga kwamitin al'umma na makarantar, wanda ake kira SBMC, domin akwai kujerun mata a ciki kuma sau da yawa ba mai zama. A nan ake jin labarin tallafi irin na shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko. A nan kuma za ki iya tambaya a gaban kowa me ya hana a sa wa ban ɗakin 'yan mata ƙyaure.

Hoto kuwa, don Allah a bari. Yarinyar da aka ɗauka riƙe da leda aka sa a Facebook, gobe 'yan ajinsu sun gani. In masu ba da gudummawa suna son shaida, a nuna masu rasit da katin sakamako. Haka nan kada ta zama 'yar aikenki ko mai yi maki wanke-wanke don kina biya mata makaranta, kuma ranar da ta ɓata maki rai kada ki lissafa mata abin da kika kashe. Aya ta 264 ta Baƙara ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori.

Wata rana za a iya ce maki an kawo kuɗin gaisuwa. Kada ki ɗaga murya, ba ki da wannan hurumin, kuma in kika yi faɗa ƙofar gidan za ta rufe. Ki koma ta hanyar da kika shigo: maigidanki da liman su roƙi uban a ɗaga biki zuwa bayan jarrabawa, in ya ƙi, a nemi alƙawarin manemin a gaban waliyyai cewa za ta ci gaba daga ɗakinta. Alƙawarin da aka yi gaban manya ya fi wanda saurayi ya yi a zance nauyi. In an yi auren, ki ci gaba da biya kamar da.

Tun tana shiga babbar sakandare ki fara tunanin bayanta. Duk wadda ta taɓa kai ziyara asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga ta ga abin da doguwar naƙuda ba ungozoma ke jawowa, kuma a ƙauyukanmu magidanta da yawa ba sa barin namiji ya karɓi haihuwa. Muna da makarantar ungozoma a Malumfashi, da ta jinya a nan Katsina, da makarantun kiwon lafiya a Daura da Kankiya. Jinya da ungozoma suna neman kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ke nan in tana da sha'awa, ajin kimiyya za a sa ta tun shekarar farko, kuma Lissafi da Kemistiri ne za ki nema mata mai ƙarin darasi. In koyarwa ta fi so, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma. Ki tambaye ta ita kanta, ba a gaban uwarta ba, kuma ki ba ta lokaci kafin ta amsa.