Darasi: Takardun dabbobi kafin ƙetare iyaka

Idan rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare a wajen Tanut da Gure, garkuna sukan gangaro kudu, su ratsa ƙasar Magariya ko Matamai, wasu har su shiga Najeriya. Haka su ma fatake masu kai raguna da bijimai kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Duk wanda zai ƙetare iyaka da dabba, kiwo ya kai shi ko ciniki, akwai takardar da za a tambaye shi. A wannan darasi za mu koyi abin da ke cikinta, don mu riƙa duba ta da idonmu.

Takardar makiyayi

A shekarar 1998 shugabannin ƙasashen CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka amince da ƙa'ida a kan garkunan da ke ƙetare iyaka don kiwo. A cikinta aka kafa takardar ƙetare iyaka don kiwo, wadda ma'aikata ke kira CIT. Ma'aikatar kiwo ce ke ba da ita, hukumar wurin da garke zai tashi ta sa hannu da hatimi. A tashar iyaka jami'an ɓangarorin biyu su duba, su ma su sa nasu hannun.

Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025, Najeriya kuwa tana ciki. Saboda haka kada ka dogara da yadda aka yi bara ko bara waccan. Je ka ofishin kiwo na yankinku tun kafin ka ɗaura kaya, ka tambayi abin da ake nema bana.

Takardar tana faɗin sunan mai garke, da yawan dabbobin iri-iri, shanu nawa, tumaki nawa, awaki da raƙuma nawa. Tana faɗin alluran da aka yi musu, da hanyar da za su bi, da tashar iyakar da za su ratsa, da wurin da za su sauka. Nan ne amfanin karatunmu yake. Kada ka karɓi takarda ka ninke ka sa aljihu tun ba ka karanta ba. Tsaya a gaban ma'aikacin, ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. In shanunka 62 ne aka rubuta 26, a bakin iyaka kai za a tuhuma da sauran, kuma can babu wanda zai gyara maka. Ko da rubutun Faransanci ne, lambobi dai iri ɗaya ne da waɗanda muke koyo a aji. Ka ce masa: "Malam, don Allah nuna mini layin shanu da layin allura." Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne.

Ƙa'idar ta 1998 ta ce da rana ake ƙetare iyaka, ta burtalin da aka ware. Ta ce makiyayi ya kai shekara 18, kuma kowane shanu 50 su sami aƙalla mutum ɗaya mai kula da su. Garken da ya zo ba takarda ana iya killace shi, mai shi ne kuma zai biya kuɗin tsaron. A lissafa abincin dabbobi da ruwansu na waɗannan kwanaki, za a ga wahalar zuwa ofis ba ta kai wannan ba.

Allura da shaida

Ba a cika takarda sai an yi allura. Kowace shekara gwamnati takan fito da ma'aikatan rigakafi kyauta, su yi wa shanu allurar ciwon huhu, tumaki da awaki ta annobar ƙananan dabbobi, raƙuma su ma tasu. Allurar ciwon huhu sai an maimaita duk shekara, don ƙarfinta ba ya daɗewa. Ciwon ta numfashi yake yaɗuwa, saniya ɗaya mai tari a bakin rijiya ta isa ta shafa wa garkunan mutane da yawa. Dattawanmu sun san irin ɓarnar da cutar bushiya ta yi wa shanu a da. Da allura aka yaƙe ta har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, yanzu kuma annobar tumaki da awaki ake son gamawa da ita zuwa 2030.

Masu allura sukan yi wa tunkiya ko akuya ƴar shaida a kunne don a san an yi mata. Wasu suna ɓoye ragunansu don gudun kada shaidar ta ɓata musu layya. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa da likitan dabbobi tun kafin ranar allura, ya fi ya bar garke a buɗe ga cuta.

Lambar gida da ake yi da ƙarfe mai zafi ita ma tana da amfani, musamman in dabba ta ɓace ko an sace ta a wata ƙasa. Sai dai a daina buga ta a tsakiyar jiki. Majema na Damagaram sun san yadda hakan ke karya darajar fata.

Takardar falke

Mai kai dabbobi sayarwa ba CIT yake nema ba. Likitan dabbobi na gwamnati zai duba su ya ba shi takardar lafiya, sannan ya biya abin da ke kansa a duwan, ya karɓi rasit. Kuɗin da aka biya ba rasit, kamar ba a biya ba ne. A tambaya kuma ko an dakatar da fitar da dabbobi, don hukuma takan yi hakan a wasu lokuta. Takardun duka a sa su cikin leda, kuma su kasance a hannun wanda ke tafe da dabbobin, kada a bar su gida wurin mai su.

Aikin aji

Kowa ya rubuta sunansa da garinsu, da yawan dabbobin gidansu iri-iri, da lambobi. Sai ku yi musayar allo ko littafi da na kusa da ku, shi ya zama jami'in iyaka, ya karanta da ƙarfi, kai kuma ka ce daidai ne ko akwai gyara. Wanda ke da tsohuwar takardar allura a gida ya zo da ita darasi na gaba, mu nemo ranar da aka yi allurar tare.