Yadda Gidan Talabijin Zai Yanke Hukunci Idan Fitaccen Mai Gabatar da Shiri Ya Ci Zarafin Abokin Aiki

A farkon watan Maris na 2015, a wani otal da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila, Jeremy Clarkson, jagoran masu gabatar da shirin motoci na Top Gear a BBC, ya zazzagi furodusan shirin, sannan ya kai masa naushi har leɓensa ya fashe. Dalilin kuwa bai wuce cewa sun dawo daga wurin ɗaukar shiri da daddare ba su tarar da abinci mai zafi ba. Matakan da hukumar gidan ta ɗauka cikin makonni ukun da suka biyo baya suna da amfani ga duk shugaban gidan rediyo ko talabijin da irin wannan rigima ta faɗo wa, musamman idan mai laifin shi ne wanda jama'a ke kunna tashar dominsa.

Abu na farko shi ne ka dakatar da shi daga aiki, kada ka yi gaggawar korarsa. Dakatarwa tana raba shi da wanda ya yi wa laifi, tana kuma ba sauran ma'aikata damar faɗin abin da suka gani ba tare da fargabar cin karo da shi a ofis da safe ba. BBC ta dakatar da Clarkson ranar 10 ga Maris, ta kuma janye sauran shirye-shiryen zangon duk da asarar da hakan ya jawo mata.

Daga nan sai ka nemi mai bincike wanda ba ya cin abinci da shirin. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, domin shugaban sashen da shirin yake ƙarƙashinsa, komai gaskiyarsa, ya san cewa ƙarin girmansa da kasafin kuɗin sashensa suna rataye a wuyan mutumin da zai bincika. BBC ta ɗauko Ken MacQuarrie, shugaban reshenta na Scotland a lokacin, wanda ba shi da hannu a shirin. Aikin mai bincike shi ne ya saurari kowane ɓangare daban, ya ji ta bakin shaidu, ya rubuta abin da ya faru dalla-dalla: wa ya fara, tsawon wane lokaci, wa ya raba, wane rauni aka ji. Binciken ya nuna cewa dukan ya ɗauki kimanin daƙiƙa 30 kafin wani ya shiga tsakani, furodusan bai rama ba, kuma sai da ya je asibiti. Ya kuma nuna cewa Clarkson da kansa ya kai rahoton abin ga hukuma, ya kuma nemi afuwa. Irin wannan ma dole ne a rubuta shi, domin binciken da ya ɓoye abin da zai sassauta wa mai laifi ba zai tsaya a gaban kotu ba.

Sai ka buɗe fayil ɗinsa ka duba abin da ya gabata. Clarkson yana ɗauke da gargaɗi na ƙarshe tun 2014 saboda kalaman wariyar launin fata, don haka ba a iya cewa wannan ne karon farko da aka ja masa kunne ba. A nan ne gidaje da yawa suke tarar da fayil babu komai a ciki, saboda shekara da shekaru ana kiran mutumin gefe ana cewa ya yi haƙuri ya daina, ba wanda ya taɓa sa alƙalami. A Kanada, bayan tashar CBC ta kori mai gabatar da shirin rediyonta Jian Ghomeshi a 2014, binciken da wata lauya ta yi ya gano cewa shugabanni sun san da ƙorafe-ƙorafe a kan yadda yake mu'amala da ma'aikata, suka kau da kai.

Yayin da ake wannan, ka kula da wanda aka zalunta, domin shi ne mara gata a cikin lamarin. Furodusan Top Gear bai nemi a kori kowa ba, amma ya sha zagi da barazana a intanet daga masoyan shirin. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a mayar da Clarkson, har firaministan lokacin, David Cameron, ya fito ya yabi hazaƙarsa. Yawan sa hannu yana nuna maka farin jinin shirin ne kawai, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kasance a otal ɗin a daren.

Idan an zo yanke hukunci, ka ajiye lissafin kuɗi gefe tukuna, ka tambayi kanka abin da za ka yi da a ce direban gidan ko mai ɗaukar hoto ne ya naushi abokin aikinsa. Idan amsar kora ce, to ka riga ka san hukuncin, abin da ya rage shi ne ƙarfin halin zartar da shi. A kan wannan hujja Tony Hall, babban daraktan BBC a lokacin, ya tsaya ranar 25 ga Maris, inda ya bayyana cewa ba za a yi doka ɗaya ga wani, wata daban ga wani saboda muƙami ko riba ba. Ka lura cewa bai tsinke kwantiragin Clarkson ba, ƙin sabunta shi ya yi, domin dama yana gab da ƙarewa. Bambancin yana da muhimmanci a shari'a, saboda haka ka sa lauyan gidan ya karanta takardar yarjejeniyar kafin ka fitar da sanarwa.

Sai bayan haka ne za ka zauna da akanta, kuma kada ka yaudari hukumar gudanarwa cewa ba za a yi asara ba. Abokan gabatarwar Clarkson biyu, Richard Hammond da James May, sun bi shi zuwa kamfanin Amazon, inda suka fara wani sabon shirin motoci a 2016. Chris Evans, wanda BBC ta ɗauko ya gaje shi, ya ajiye aikin bayan zango ɗaya, masu kallo sun ragu sosai. Furodusan kuwa ya shigar da ƙara, aka sasanta a watan Fabrairu na 2016 da diyyar da aka ruwaito ta haura fam 100,000, wadda Clarkson da BBC suka haɗu suka biya.