Kurakuran da makarantu ke tafkawa idan sun haɗa kai don yara masu buƙata ta musamman

Na gaji da ganin abu ɗaya. Hedimastoci huɗu ko biyar su zauna, su yi alkawarin karɓar yara kurame da makafi da guragu cikin azuzuwansu, a sha lemo, a ɗauki hoto, kafin zango na biyu magana ta bi ruwa.

Babban kuskure, wanda ni kaina na tafka, shi ne tara yaran duka a makaranta ɗaya. Mu biyar ne, tawa ce mai fili, sai muka ce a kawo su nan. Ashe wata ƙaramar makarantar kurame da makafi irin ta Tudun Maliki a Kano muka buɗe, amma babu ƙwararrun malamanta. Akwai wata yarinya mai keken guragu, ƙanenta ke turo ta, sai sun tsallake kwata biyu. Damina na sauka ta daina zuwa. Na bi sawu har gida, uwar ta leƙo ta bayan labule ta ce, "Malam, ga makaranta a bayan gidanmu, kun ce sai taku." Kunya ta hana ni amsa. Tun daga ranar na sauya: yaro ya zauna inda ya fi kusa da gidansu, malami da kayan aiki su ne za su yi yawo.

To, hedimastoci, a kan malamin nan ma kuna ba ni haushi. An sha wahala an samo mutum ɗaya da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman, ya iso makarantarka ran Talata, kai kuma ka ce masa malamin lissafi bai zo ba, ya riƙe maka aji huɗu. Haba! Makahon yaron da ya jira shi mako guda fa? Ni rubuta jadawali nake yi, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya sa hannu, kowane hedimasta ya liƙa a ƙofar ofis. Wanda ya karkatar da malami sau biyu, a gaban kowa nake faɗa.

Kada ku hana kurma maganar hannun da ya taso da ita. Alamomin da ake koyarwa a makarantu tushensu na Amurka ne, wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya kawo su Ibadan a 1960. Ku gayyato babban kurma na unguwa ya riƙa zama da malamai, zai fi taron bita amfani.

Dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati. Wa'adi ya wuce, amma gangaren keken guragu da magina ke yi mana ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Kowane inci ɗaya na tsawon dakali yana buƙatar ƙafa ɗaya ta gangare. Ku auna da kanku, kuma ku fara da ban-ɗaki.

Allon rubutun makafi da abin hudawa ba kayan ado ba ne, a fito da su daga sito. Mai ji sama-sama ya zauna a layin gaba.

In yaro ya gama aji shida, ni da kaina nake ɗaukar fayil ɗinsa zuwa ƙaramar sakandare, in nemi malamin ajinsa, mu zauna ko da minti goma ne.